Shimfiɗar Gilashin Da Zaharadeen Ya Kawo

Akwai wani saurayi a Kumbiya-Kumbiya mai suna Misbahu, wanda duk mai buga wasan harbi na kwamfuta a Gombe ya san hannunsa. Ya gama digiri, ya gama bautar ƙasa. Da safe yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, da yamma kuwa sai ka same shi a shagon gem na saman bene, kusa da filin wasa na Pantami.

Wanda bai san harkar ba zai ce ai wasa ne. To amma a wannan wasan, tsakanin ci da faɗuwa bai fi ƙiftawar ido ba. Wanda ya riga ɗora saiti a kan abokin karawarsa, shi ya ci. Shi ya sa maus, wato linzamin kwamfuta, da shimfiɗar da ake jan sa a kai suke wa ɗan wasa kamar takalmi ga ɗan tsere.

Wata takwas Misbahu ya ɗauka kafin ya dace da nasa. Ya ari na wannan, ya gwada na wancan, yana rubuta abin da ya gani a wani ƙaramin littafi. A ƙarshe ya tsaya kan maus mai ɗan nauyi, mai tudun baya da ke cika masa tafi. Shimfiɗarsa ta yadi ce, baƙa, ta kusa cinye rabin tebur, domin shi da dukan hannu yake ja tun daga gwiwar hannu, ba da wuyan hannu kaɗai ba.

Akwai kuma dalilin da ba ya faɗa. Tafinsa na zufa. In wasa ya yi zafi sai hannun ya jiƙe sharkaf, yadin kuwa yana shanyewa ba tare da kowa ya lura ba.

Mutum ɗaya ne ya san wannan: amininsa Zaharadeen, ɗan Federal Low-Cost. Tun ajin farko na sakandare suke tare. Misbahu ne ya koya masa wasan, shi ya zaɓa masa maus, shi ya daidaita masa lambobin saurinsa har suka dace da hannunsa, ya rubuta su a littafin nan.

"Ka kwafi lambobinka ka ajiye mana," in ji Misbahu wata rana.

Zaharadeen ya yi dariya. "In kai su ina? Ba ga ka ba, Malam mai lissafi."

Akwai kuma wata magana da Misbahu ya sha nanata masa: "Ko maus na zinari aka ba ka, kada ka canza in gasa ta kusa. Hannu ma yana da haddarsa. Ka canza masa allo, sai karatu ya zube."

Ana nan sai Yuguda, kyaftin ɗin ƙungiyarsu, wanda duk suke kira Hamma saboda ya girme su, ya kawo labari. Za a yi babbar gasa a Abuja. Mutum biyar za su je, huɗu sun riga sun tabbata, saura gurbi ɗaya. Waɗanda suka cancanta kuwa biyu ne, Misbahu da Zaharadeen.

"Ba zan zaɓa da baki ba," in ji Yuguda. "Ranar Asabar bayan azahar ku kara. Wanda ya ci, shi zai shiga mota."

Kowa a shagon ya san yadda za ta kaya. In suka kara sau goma, Misbahu ne ke cin takwas.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga Zaharadeen a gidansu Misbahu, ɗauke da kwalaye biyu. Shi ɗan gida ne, har tsakar gida yake shiga. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyar Misbahu, wadda suke kira Dada, tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa.

"Dada, tsaraba na kawo wa ɗanki. Ba zai yiwu gwani kamarsa ya ci gaba da wasa a kan tsumma ba."

Ya buɗe kwalin farko. Maus ne fari, ba shi da waya, ba nauyi kamar takarda. Ya buɗe na biyu. Shimfiɗa ce ta gilashi, tana ƙyalli har mutum na ganin fuskarsa.

Misbahu ya dubi shimfiɗar da kyau. Gilashi yana da santsi, maus na gudu a kansa kamar an zuba mai. In kuma zufa ta taɓa shi, sai fata ta riƙa mannewa tana cijewa. Ga shi saura kwana biyu.

Ya buɗe baki zai yi magana, Dada ta riga shi.

"Kai, Allah ya yi maka albarka, Zaharadeen. Za ku kara jibi amma kai ne kake gyara masa makami. Misbahu, ka ga abin da ake kira aboki? Ka yi godiya mana, ka tsaya kamar an dasa ka."

Jama'a, wanda ya tashi a gidan Fulani ya san wannan wurin. Ba a mayar da hannun kyauta, ballantana a gaban uwa. Ba a cewa abin da aka kawo maka bai yi ba. Kunya ta ɗaure wa Misbahu harshe.

"Na gode, mutumina," ya ce. "Allah ya bar zumunci. Zan riƙa gwada su bayan gasa."

"Wane bayan gasa? Don jibi na kawo su." Zaharadeen ya shiga ɗakin Misbahu ya fito da tsofaffin kayan. "Tayar wannan maus ɗin ai ka ce tana cijewa. Zan kai wa Bamanga mai gyara ya duba. Shimfiɗar kuma in sa a wanke, dubi dauɗar da ta yi."

"Tafi da su," in ji Dada. "Wannan baƙin tsumman na daɗe ina son ganin bayansa."

Misbahu yana tsaye aka naɗe wata takwas na wahalarsa aka sa a leda.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Misbahu ya daure ya kira shi. Zaharadeen ya ce shimfiɗar tana jiƙe a ruwa, Bamanga kuma ya kwance maus ɗin bai haɗa ba. Sannan ya ƙara da cewa, "Ko kyautar tawa ce ba ta yi ba? In ba ta yi ba ka faɗa, ba komai."

"A'a, wallahi ta yi," in ji Misbahu.

Bai kawo komai a ransa ba. Cewa ya yi amininsa ya yi kuskure ne cikin ƙauna, ya manta maganar haddar hannu. Ya wuni yana gwaji, hannu ya ƙi karɓa.

Asabar ta zo da zafin Afrilu irin na Gombe. Wuta ta ɗauke, janareto ya ɗauki kwamfutoci amma ban da fanka. Misbahu ya yi niyyar aron shimfiɗar shago, duk da ƙarama ce ba ta fi tafi biyu ba. Kafin ya tambaya, Zaharadeen ya ɗaga murya.

"Ku zo ku ga abin da na saya wa abokin karawata. Kada gobe a ce na ci shi don kayana sun fi nasa."

Aka taru ana shafa gilashi ana yaba Zaharadeen. Yuguda ma ya jinjina masa. A gaban wannan taron, ta yaya Misbahu zai ture kyautar gefe?

Zagayen farko saitinsa ya riƙa wuce mutum, domin maus ɗin ya fi hannunsa gudu. Zagaye na uku zufa ta fara. Gefen tafinsa ya riƙa mannewa a gilashi, in ya ja sai ya cije, in ya ƙara ƙarfi sai ya zarce. Yana goge hannu a wando, yana komawa, yana kuskure. Mutumin da ba ya ɓarin harsashi ya koma harbin bango.

Zaharadeen ya ci da tazara mai yawa.

Misbahu ya miƙe ya ba shi hannu, hannun a jiƙe. "Allah ya sa alheri. Ka wakilce mu da kyau."

Ya yi baƙin ciki, amma baƙin cikin wanda ya faɗi ne kawai. Na gaske yana gaba.

Ranar Laraba, bayan ƙungiya ta kama hanyar Abuja, ya hau keke napep ya je shagon Bamanga, mai sayar da kayan kwamfuta da gyaransu, don ya karɓi tsohon maus ɗinsa.

"Wane maus?" in ji Bamanga. "Ba wanda ya kawo min maus ɗinka."

"Zaharadeen ya ce ka kwance shi."

"Ni rabona da Zaharadeen tun ran da ya sayi shimfiɗar gilashi. Har na yi mamakinsa. Kowa in ya zo, tambaya yake wacce ta fi kyau. Shi kuwa cewa ya yi, wacce ce ta fi ba mai zufar hannu wahala? Na ce gilashi, musamman a zafin nan. Ya ce ita zan ba shi, da maus mafi rashin nauyi. Na zaci gudunta yake so ya yi, sai na ga ya ɗauka." Bamanga ya dubi fuskar Misbahu, sai ya rage murya. "Malam, lafiya? Kada dai kai aka kai wa."

Misbahu ya juya. Ya fito ya tsaya a bakin titi, masu keke na yi masa hon bai ji ba.

Ba faɗuwar ce ke cin sa ba. Abin da ya ɓoye wa duniya ya faɗa wa mutum ɗaya, da shi aka auna aka sayo abin da zai kayar da shi. An san ba zai iya ƙin kyauta a gaban Dada ba, shi ya sa aka kai ta tsakar gida. Har albarka aka karɓa a kai.

Bai faɗa wa kowa ba. Dada ta tambaye shi abin da ya hana shi cin abinci, ya ce zafi ne.

Ranar Asabar da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Yuguda ne daga Abuja.

"Misbahu, muna cikin matsala. A kwamfutocinsu ake bugawa, kowa sai ya sa lambobinsa da kansa. Wannan abokin naka bai san nasa ba, wai kai ke riƙe masa. Saura minti goma. Na buɗe murya, yana jin ka."

"Mutumina," muryar Zaharadeen ta fito a sanyaye. "Taimaka."

Misbahu ya jawo littafin ya buɗe shafin. Ga lambobin nan da rubutun hannunsa. Ya san in ya ƙara ɗigo ɗaya kacal, Zaharadeen ba zai gane ba sai ana tsakiyar wasa, lokacin da saitinsa zai riƙa wuce mutum da faɗin yatsa. Daidai abin da aka yi masa. Ba kuma wanda zai taɓa kama shi.

Amma akwai mutum huɗu a can da ba su yi masa komai ba.

"A maus, dubu ɗaya da ɗari shida. A cikin wasa, sifili ɗigo huɗu. Ka kashe ƙarin gudu." Ya maimaita sau biyu a hankali.

"Na gode, wallahi na gode."

"Ba komai. In ka dawo ka kawo min maus ɗina. Na je wurin Bamanga."

Shiru ya biyo baya, har Yuguda ya ce, "Kuna ji na?" Misbahu ya kashe waya.

Lambobin daidai suke, amma wasan Zaharadeen ya ƙi daidaita. Waɗanda suka je sun ce Zaharadeen ya riƙa goge tafinsa a wando tun zagayen farko. A karawa ta biyu aka fitar da su.

Yuguda ba yaro ba ne. Wannan shirun na waya ya tsaya masa a rai, suna dawowa ya wuce shagon Bamanga. Washegari ya kira Misbahu ya ce gurbi na biyar nasa ne daga yau, ba gwaji.

Bayan kwana uku Zaharadeen ya yi sallama a gidan, riƙe da leda. Dada ta hango shi daga tsakar gida.

"Ɗan albarka, ka dawo? Shigo mana, yau ka zama baƙo?"

Ya kasa ɗaga kai. A nan ya gane Misbahu bai faɗa mata ba, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo.

A zaure suka tsaya. Ya miƙa ledar. Maus ɗin yana nan yadda yake, shimfiɗar ko ruwa ba ta gani ba.

"Misbahu, shaiɗan ne. Sau ɗaya kawai na so a ce ni ma na fi ka."

"Da ka ce min kana son gurbin, wallahi da na yi tunani a kai. Ka san ni." Misbahu ya shiga ciki ya fito da kwalayen nan biyu ya ajiye a gabansa.

"Kyauta ce fa," in ji Zaharadeen.

"Na sani. Ita ce ta farko da na taɓa mayarwa."

Sannan ya ciro ƙaramin littafin daga aljihu, ya buɗe shafin da ke ɗauke da sunan Zaharadeen, ya yage shi a hankali, ya ninke, ya sa masa a tafi.

"Na yafe maka. Ga lambobinka. Daga yau ka riƙe da kanka."

Darasi: Wanda ya nuna maka inda rauninsa yake, amana ya ba ka, ba makami ba. In ka ci nasara da sirrin amininka, ranar da za ka nemi hannunsa tana nan tafe. Kai kuma da aka cuta, kada kunya ta hana ka cewa "wannan bai dace da ni ba", kada kuma zafin rai ya sa ka rama da irin abin da aka yi maka. Ku tura wa abokanku wannan labari, musamman waɗanda kuke neman abu ɗaya tare.