Ɗigon da Ba Ya Motsi

Sunan wanda ya fara ba ni wannan misali ya ɓace mini. Ko a Garkida ne ko a Numan, ba zan iya cewa ba. Na dai tuna ana ruwa, muna zaune a baranda. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

Akwai wani matuƙin ƙaramin jirgin sama, mai ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan kan dutse zuwa asibiti. Kowace safiya yakan ɗauki tsumma ya wanke gilashin gaban jirgin da hannunsa, ko kashin ƙuda ba ya bari. Tsohon makanikensa yakan ce, "Kyaftin, ko madubin uwargida bai samu wannan gata ba." Shi kuwa sai ya ce, "Bar ni, Baba. Ina so in na ga baƙin ɗigo a nan, in san ba datti ba ne."

Wata rana ya ɗauko wani manomi da maciji ya sara, da wata nas tana riƙe masa ledar ƙarin ruwa. Suna cikin tafiya, nas ta hango wani jirgi yana ratsawa can gefe. Ta ce, "Wayyo, Kyaftin, ga wani can!"

Ya ce, "Kwantar da hankalinki, Sista. Wanda kika ga yana tafiya, wucewa zai yi."

Jim kaɗan sai ga wani ɗan ɗigo baƙi a tsakiyar gilashin, bai kai ƙwayar gero ba. Ba ya yin hagu, ba ya yin dama. Matuƙin ya ƙura masa ido.

Nas ta ce, "Wannan ai datti ne."

Ya ce, "Na wanke shi da safe. Riƙe mutuminki da kyau!"

Bai tsaya neman wanda ya bar hanyarsa ba. Ya karkata jirgin dama da ƙarfi, ledar ruwa ta kuɓuce, manomin ya yi nishi. Nas ta ɗaga murya, "Kashe mini shi za ka yi?" Kafin ta rufe baki, ɗigon ya zama jirgi, ya wuce ta hagunsu har suka ga farar rigar mai tuƙa shi. Suka sauka lafiya, manomin kuma ya warke.

Ma'anar wannan misali ita ce, gilashin nan zuciyarka ce. Jirgin da ya ratsa gefe shi ne faɗan da ake yi da hayaniya, a gama, a ci tuwo tare. Ɗigon da ba ya motsi kuwa shi ne ƙullin da ke tsakaninka da ɗan'uwanka. Shekara uku kuna zama a benci ɗaya a majami'a, ba gaisuwa, ba zagi. Kana cewa, "Ai abin yana nan yadda yake." Ba yadda yake ba ne, 'yan'uwa. Zuwa yake yi. Ranar rabon gona ko ranar jana'iza zai cika gilashin, kuma ba ku kaɗai ne a cikin jirgin ba, da 'ya'yanku.

Wanda bai wanke zuciyarsa da addu'a kowace safiya ba, ɗigogi sun yi masa yawa, ba zai gane wanda zai hallaka shi ba. Wanda ya gane kuwa, kada ya jira ɗan'uwansa ya fara kaucewa. Tashi yau bayan sujada ka je gidansa. Ko kai ne babba, ka je.

Da yake ban amince da kaina ba yanzu, na sa aka kai ni wurin wani tsohon matuƙi da ya yi ritaya. Ya ce haka ne, jirgin da zai yi karo da kai tsaye yake a ido, girma kawai yake yi. Ya ce kuma a lissafin da ake koya musu, daga ganin ɗigon zuwa kaucewar jirgi ana bukatar sakan goma sha biyu da rabi. Na koma gida na duba agogo, na fara Addu'ar Ubangiji. Ban kai ga roƙon gafara da ke cikinta ba, lokacin ya ƙare.