Muzuru a Hannun Maɗoriyar Kaji

Shekarau, ajiye wuƙar nan. Lantana, bar ruwan a kan murhu ki zo ki zauna. Kai ma Mati, fito daga bayan rumbu, ina ganin inuwarka. Na ji abin da kuka ƙulla, wai gurguwar kazata ba ta da amfani, gara ta shiga tukunya kafin baƙinku su iso. To kafin ruwan figar ya tafasa ku ba ni kunnuwanku. Na san ba a tatsuniya da rana, amma ku ma ba ku jira dare ba kuka wasa wuƙa.

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ban ji ba. Girma ne ya hana ku amsawa?

"Ta zo mu ji ta, Inna."

Yauwa.

Wata tsohuwa ce, Iya Marka, sana'arta ɗorin kaji. Kazar da jaki ya taka, wadda shaho ya sure ya yar, wadda aka ƙyanƙyashe da murɗaɗɗiyar ƙafa, duk gidanta ake kai su. Ta kewaye musu wuri da zana a bayan ɗaki, don kada kaji masu lafiya su riƙa saransu. Ruwansu a fasasshen kasko mara zurfi. Abincinsu jiƙaƙƙiyar dusa da garar da take tono musu. Akwai wani makahon zakara, shi sai ta ƙwanƙwasa ƙwarya yake bin ƙarar ya sami abinci. Akwai kuma Gurguwa, mai ƙafa ɗaya, wadda rashin yawo ya sa ta yi ƙiba har tana sheƙi.

Muzuru kullum yana kan katanga. Ya dubi Gurguwa, ya haɗiye yawu. Ya dubi Iya Marka zaune da tabarya kusa da ita, ya sake haɗiye yawu. Da ya gane mai ciwo kaɗai ake shigarwa cikin zanar nan, sai ya sauko, ya ɗage ƙafar gaba ta dama, ya shigo yana nishi.

"Salamu alaikum, Iya. Wayyo ni! Na faɗo daga kan rumbu."

Makahon zakara ya karkata kai ya ce, "Iya, wannan da ƙafa huɗu ya taho har bakin ƙofa. A nan ya koma uku."

Iya ta ce, "Yi mini shiru, Makaho. Shigo, ɗan nan. Sannu."

Ta ɗaure shi da gajeriyar igiya a turke, ta ce majinyaci ba ya yawo. Tsakaninsa da Gurguwa taki biyu kacal. Ta ɗora ruwa. Ta tsoma tsumma, ta gasa ƙafar. Ta ja, ta murɗa, ta jera karan dawa huɗu, ta naɗe da igiyar rama tam.

Washegari ta sake zuwa da ruwan gashi. Tsumma na taɓa shi ya kurma ihu.

"Na warke! Iya, wallahi na warke!"

"Madalla. To kama hanya. Nan wurin marasa lafiya ne, ba na ajiye mai lafiya."

Muzuru ya dubi ƙofa. Ya dubi Gurguwa. Gurguwa ta miƙa fiffike, cinya ta bayyana.

"Af, Iya, ai ta hagun ce ke yi mini zogi yanzu."

"Allah sarki. Kawo ta."

Ta gasa, ta ja, ta murɗa, ta jera kara, ta naɗe tam. Ta damar ma ba ta kwance ba, ta ce sai ta yi ƙwari.

Kwana na uku, ruwan gashi.

"Na warke!"

"Kama hanya."

Ya dubi ƙofa, ya dubi Gurguwa.

"Ta bayan nan ce, Iya."

Ta gasa, ta ja, ta murɗa, ta naɗe tam.

Kwana na huɗu ko bari ya buɗe baki ba ta yi ba. Ta ce, "Saura ɗaya, kada ta ji an ware ta." Ta naɗe tam.

Sannan ta kwance masa igiyar wuya ta ce, "To, yanzu ka zama ɗan gida. Shiga cikin 'yan'uwanka."

Ga Muzuru a kwance rubda ciki, ƙafafu huɗu a sandare, biyu gaba biyu baya, kamar fatar da aka shanya. Abinci ya zo, dusa. Ya ce, "Iya, babu ɗan romo?" Ta ce, "A nan kowa abin da kaji suka ci yake ci." Gurguwa kuwa ta yi tsalle ta haye gadon bayansa, daidai inda baki ba ya kaiwa, ta ce ba ta taɓa samun shimfiɗa mai ɗumi haka ba. A nan take barcin rana. A nan take abin da kaji ke yi bayan sun ƙoshi.

Kwana bakwai yana haka. Haƙarƙari ya fito, gashin baki ya sunkuya.

Amma Muzuru muzuru ne. Ran na takwas, Iya ta ɗauki tukunya ta tafi tonon gara. Ya ɗebi dusarsa da baki ya tofa a kan igiyoyin gaba. Ya ture kaskon dusar ya mirgina a cikinta, igiyoyin baya ma suka sha dusa.

"Yaya Gurguwa, ni yau cikina ba daɗi. Ga rabona nan, kada ya lalace."

Makaho ya ce, "Gurguwa, yaushe ya zama ƙanenki?"

Gurguwa ba ta ji ba, dusa ta gani. Ta hau sara. Ta gama da na baya, ta zagayo gaba. Ga wuyanta a ƙarƙashin hancinsa, ga ƙamshi. Yawu na zuba, shi kuwa ya danne, yana ce wa kansa, "Haƙuri, Muzuru, saura igiya ɗaya." Igiya ta ce tas! Kara ya watse.

Ya miƙe ya ce, "Gurguwa, shimfiɗarki ta tashi. Yau ke ce romon."

Makaho ya ware murya ya yi cara da rana tsaka, ya yi, ya sake yi, har unguwa ta ɗauka.

Muzuru ya yi tsalle. Ina! Ƙafafun da suka yi kwanaki a ɗaure sun mutu murus. Ya faɗa kaskon ruwa da fuska. Ya tashi, ta dama ta tafi gabas, ta hagu ta tafi yamma. Gurguwa kuwa, ɗis, ɗis, ɗis, tana zagaya turke a kan ƙafarta ɗaya. Ita shekararta uku tana ɗingishi, ta san kansa. Shi yau ya fara. Sau bakwai suka zagaya, ko gashin jelarta bai taɓa ba.

Sai ga Iya Marka a bakin zana, tana haki, tabarya a hannu. Ta duba, ga Makaho, ga Gurguwa, ga sauran a lungu, kowa da ransa. Ta sauke ajiyar zuciya, ta jingine tabaryar.

"Ayya, ɗan nan, ɗorin bai kama ba. Bari in ɗora ruwa mu sake daga farko. Na ga wutsiyar ma ta ɗan karkace."

Da jin "ruwa", Muzuru ya hango kafar da ruwan wanke-wanke ke fita a gindin katanga. Lokacin da ya zo da ƙibarsa ko kansa ba zai shiga ba, amma dusar Iya ta gyara shi. Ya sulale ya fice, yana jan ciki yana cewa, "Na warke! Wannan karon da gaske nake!" Shi ya sa har gobe in kyanwa ta taka ruwa sai ka ga tana yarfe ƙafa. Gashin Iya Marka take tunawa.

Ƙurunƙus kan ramammen muzuru. Darasin kuwa, in za ka yi ƙaryar ciwo, ka zaɓi ƙafa ɗaya ka tsaya a kanta.

Dariyar me kake, Mati? Na ga ka ɓoye hannu, kai ka kamo ta ai.

Wannan kazar da ke ƙarƙashin kwando, ni na tsince ta ranar da amalanke ya taka ta, ni na ɗora ta. Sau huɗu tana kwanci a kan ƙwan zabi ba ta taɓa tashi ta bar ko ɗaya ya huce ba, don ba ta da ƙafar yawo. Zabin da kuka ci da Sallah kuna lasar yatsa, 'ya'yanta ne. Kai kuma Shekarau, da ka faɗo daga mangwaro ka yi wata biyu kana jan gindi a tsakar gidan nan, ban ji wanda ya wasa wuƙa ba.

Ga shi ruwa ya tafasa. Ku uku ne, kun girma, ba zan tsoma baki ba. Ku daidaita a tsakaninku ku faɗa mini: na figa ne, ko in sirka in gasa mata ƙafa?