Allurar da Datti Ya Hana a Yi wa Hajo

Akwai wani manomi a Toranke, can wajen 1973, ana ce masa Datti. Mutumin kirki ne, amma in ya kafe a kan magana, ko dagaci sai dai ya haƙura. Ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana iya karanta wasiƙa, shi ke nan yake ganin ya gama da ilimin duniya.

'Yarsa ɗaya ce, Hajo, shekararta biyu. Matarsa Baiwa ta haifi uku kafin ita, duk sun koma.

A shekarar nan ƙyanda ta shigo gari, ta kama Hajo. Ƙurajen suna bushewa sai tari ya biyo baya. Numfashinta ya koma sama-sama, in ta ja iska sai ka ga haƙarƙarinta ya lotsa. Idanunta kuma suka liƙe da kwantsa.

Baiwa ta yi ta roƙo har ya yarda ya ɗauke su a keke zuwa ɗakin shan magani a Gaya.

Ma'aikacin wurin, Malam Badaru, ya kara abin saurare a ƙirjin yarinyar. Ya jima kafin ya ce, "Limoniya ce, ta kama huhu sosai. Za a yi mata allura kullum har kwana biyar. Waɗannan ƙwayoyin man kifi ne, bitamin, za su taimaki idonta da ƙarfin jikinta."

Datti ya ce, "Allura? Ga mai ƙyanda? Ai kowa ya san in allura ta taɓa mai ƙyanda, ciwon komawa ciki yake yi. Ba ni ƙwayoyin kawai."

"Malam Datti, don girman Allah. Ƙwayar nan taimako ce, ba ta kashe ciwon da ke huhu."

"Kai ka haife ta?"

Baiwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, da an yi mata..." Kallo ɗaya Datti ya yi mata, ta bar maganar.

A gida, Baiwa tana huda ƙwayar da ƙaya, ta matse man a bakin Hajo. Bayan kwana biyu idanun suka washe, yarinya ta kalli uwarta. Wayyo, wannan kallon shi ya ƙarasa ruɗar Datti. Ya fita ƙofar gida yana faɗa wa mutane, "Kun gani ko? Da na biye wa mai farar riga, da yanzu wani zancen ake yi."

Ido ya buɗe, amma ƙirjin yana nan yana lotsawa. Rana ta uku da hantsi Hajo ta ƙi nono, leɓenta ya yi duhu. Wannan karon ba wanda ya roƙi Datti. Da kansa ya jawo keken.

Yana tuƙi yana tambaya, "Baiwa, ya jikin nata?" Da fari tana amsawa. Daga tsakiyar hanya, wajen wata tsamiya, ta daina.

Ya faɗa ɗakin shan maganin yana haki, ko sallama babu. "Malam Badaru, na yarda. Yi mata allurar. Yi duka biyar ɗin yanzu!"

Malam Badaru ya ɗaga mayafin da ke kan goyon, ya taɓa wuyan yarinyar, ya mayar da mayafin a hankali.

Baiwa ta dubi Datti ta ce, "Tun a wajen tsamiyar nan ta cika, Malam. Na kasa faɗa maka ne."

Ba su sake samun haihuwa ba. Datti ya yi shekaru bayan haka, ba a ƙara jin ya yi gardama da kowa ba. Gaskiya tausayi yake ba ni, don son 'yarsa yake yi, ba ƙinta ba.

Darasi: Bitamin taimako ne, ba ya maye gurbin maganin limoniya. In ka ga yaro yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, garzaya asibiti, ka karɓi maganin gaba ɗaya, ka ajiye "kowa ya sani" a ƙofa. Ku tura wa iyayen ƙananan yara, wataƙila wani Datti ya karanta kafin rana ta uku.