Igiyar Hawa Sama

An ce wani sarki, a wata ƙasa mai zurfin rijiyoyi, masana taurari suka zo masa da wata magana da ta tafi da hankalinsa. Suka ce in aka tufka igiya mai tsawon gaske, aka ɗaure mata dutse can bayan gajimare, juyawar duniya za ta riƙe ta a miƙe kamar majajjawa, har mutum ya shiga kwando a ja shi zuwa inda abu ke kewaya duniya ba ya faɗowa. Sarki ya sa aka kwashe duk igiyar da ke ƙasarsa, har ta guga.

To, rijiya gaba arba'in ba a shan ruwanta da ido. Mutane suka koma wa kududdufi, ciwo ya shiga gari. Cikin waɗanda suka kwanta har da Kande, matar wani tsohon mahaƙin rijiya wai shi Jatau. Sau uku yana zuwa fada roƙon igiya ɗaya tak, ana korarsa. Ran na huɗu aka shigar da shi, ba don tausayi ba, sai don an ce ba wanda ya kai shi sanin igiya.

Sarki ya nuna masa tulin igiyar da aka tara, ya ce, "Tsoho, za ta ɗauke ni?"

Jatau ya ce, "Ya sarki, mu ba igiya muke tambaya ba."

"Wa kuke tambaya?"

"Masu riƙo. A sana'armu, kafin mutum ya ɗaura igiya a ƙugu, sai ya dubi masu riƙe ta ya ce, 'Akwai wanda na yi wa laifi?' In ko ɗaya ya sunkuyar da kai, ran nan ba shiga."

Sarki ya yi dariya, ya ce, "Ni sama zan hau, ba rami zan shiga ba."

Jatau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wanda ke reto a igiya, sama da ƙasa duk ɗaya ne gare shi."

Sarki ya fusata. Don ya kunyata tsohon, ya sa aka tara ƙarti ɗari uku da za su ja kwandon, ya yi musu tambayar da bakinsa. Kawuna suka yi ta sunkuyawa sahu bayan sahu, har na waziri. Sarki ya daɗe tsaye, jikinsa ya yi sanyi, sa'an nan ya ce a mayar wa kowace rijiya igiyarta.

Jatau ya sunkuci tasa ya yi gida da gudu irin na tsofaffi. Ya ja ruwa fari tas, ya doshi ƙofa da tulu, sai ya ji kukan mata. Ruwan nan da shi aka wanke Kande.

Da labari ya kai fada, sarki ya rufe fuska da hannun riga, ya ce, "Kaitona! Adalcin da ya makara, wankan gawa kaɗai yake yi."