Gahawa da Ruwa Kawai

Akwai wata mata a unguwar Moss Side da ke Manchester, sunanta Sa'adiya, mutuniyar Kano. Ita da mijinta Sunusi, wanda injiniya ne, sun daɗe a garin, har yaransu sun girma sun tafi jami'a. Duk matar Arewa da ke Manchester ta san gidan Sa'adiya da kek da kuma gahawa.

Kek ɗin irin na da ne, mai laushi, wanda ake murza bota da sukari da fulawa da kirfa a barbaɗa a samansa kafin a gasa. Amma gahawar ce ta fi jan magana. Garau take fitowa kamar shayi, ba ɗaci, ba tsaki a gindin kofi.

Wata tsohuwar maƙwabciyarta, Mama Celestina 'yar Numan, ita ta koya mata kafin ta koma gida. Ɗanyen ƙwai ake fasawa a cikin garin gahawar, har da ɓawon, a cakuɗa ya zama kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa, a juye a tafasasshen ruwa. In ya ɗan dahu sai garin ya dunƙule ya taso sama. A zuba ruwan sanyi, ya koma ƙasa, a tace. Wanda ya sha ba zai taɓa cewa ƙwai ya shiga tukunyar ba.

Mama Celestina kowa ya tambaye ta sai ta faɗa masa. Ita kuwa Sa'adiya ta mai da abin nata ita kaɗai. In za ta dafa sai ta rufe ƙofar kicin. Ko Sunusi bai san me ake sakawa ba.

Tana da ƙane, Bara'u, yana zaune a Small Heath da ke Birmingham da matarsa Shifa. Ita Shifa ta fara yin kek na sayarwa, kuma a guruf ɗin matan Arewa na WhatsApp an sha yabon hannunta. Sa'adiya ba ta taɓa cewa komai ba, amma abin yana cin ta.

Wata Asabar cikin Disamba, Bara'u da Shifa suka kawo ziyara. Sun zo da ƙanwar Shifa, Ihsan, yarinya mai kunya da ba ta daɗe da zuwa daga Zariya karatu ba. Ranar tana ramuwar azumi, don haka ba ta taɓa komai ba.

Da za su tafi bayan la'asar, Sa'adiya ta shiga kicin ta dafa sabuwar gahawa, don yarinyar ta samu abu mai zafi na buɗe-baki a hanya. Tana cikin ɗurawa a flas Shifa ta turo ƙofa.

"Yaya, don Allah me kike sakawa a gahawar nan ne? Ina tambaya ne saboda..."

"Na san saboda me," Sa'adiya ta katse ta, ba ta ko juyo ba. "Gahawa ce da ruwa kawai. Sauran hannu ne."

"Ba wani abu bayan su?"

"Na ce miki gahawa da ruwa. Kek ɗin da kike sayarwa bai ishe ki ba, sai kin haɗa da wannan?"

Shifa ta yi tsaye kamar an mare ta. Can ta ce, a hankali, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya." Ta karɓi flas ɗin. Da Sa'adiya ta miƙo mata kek a naɗe, ta ce a bar shi, gahawar ta isa. Wannan ma sai ya ƙara wa Sa'adiya haushi. A ranta ta ce wato kek ɗinta ne ba za a shiga da shi Birmingham ba.

Suka yi sallama sama-sama, mota ta tashi.

Wanda ya san sanyin Ingila ya san rana ba ta daɗewa a Disamba. Gari ya fara duhu, fitilun titi sun kama, Sunusi yana naɗe hannun riga zai yi alwala, ya tsaya ya gutsiri kek ɗin da aka bari a tebur.

"Yarinyar nan ta ba ni tausayi," in ji shi. "Ga kek har kek, ba halin ci."

"Ai na ba su, yayarta ce ta ƙi karɓa."

"Dole ta ƙi. Bara'u yake gaya mini ba ta cin ƙwai. Allergy gare ta, mai tsanani. Ya ce ko cokalin da ya taɓa ƙwai aka sa mata, maƙogwaronta rufewa yake. Har allura take yawo da ita a jaka."

Farantin da ke hannun Sa'adiya ya sulluɓe cikin ruwan wanke-wanke. Ta dubi taga. Sauran ɗan ja-ja ne kawai a sama.

"Lafiya?" Sunusi ya tambaya.

"Akwai ƙwai a gahawar."

"Wace gahawar?"

"Ta flas ɗin. Da ita za ta sha ruwa."

Da jiƙaƙƙen hannu ta ɗauki waya ta kira Shifa. Ta yi ƙara sau ɗaya, aka kashe. Ta sake kira, aka sake kashewa. Sunusi ya kira Bara'u, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, yana tuƙi. Sa'adiya ta rubuta wa Shifa saƙo, tana sauri har tana kuskuren haruffa. Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba.

"Lambar yarinyar fa?"

"Ba ni da ita. Ban ma tambaya ba."

Wayar Sunusi ta fara kiran sallar magariba a kan tebur. Suka kalli juna.

Hanya ɗaya ta rage, guruf ɗin matan nan, na Manchester da na Birmingham, Musulmi da Kirista, inda shekara da shekaru ake tambayar ta sirrin gahawarta tana amsawa da dariya. Ta danna wurin ɗaukar murya.

"Jama'a, Sa'adiya ce. Duk mai lambar Ihsan ƙanwar Shifa ta kira ta yanzu. Suna kan hanyar Birmingham. Kar ta sha gahawar da na ba su, da ɗanyen ƙwai nake dafa ta. Shifa ta tambaye ni, na yi mata ƙarya na ce babu komai. Don Allah ku kira ta."

Ta tura. Ta zauna a ƙasan kicin, bayanta a jikin firji, tana kallon sunayen masu sauraro suna ƙaruwa. Wata ta turo alamar mamaki. Wata ta rubuta, ƙwai kuma? Sunusi yana ta zagaye falo yana sake kiran Bara'u.

Sai ga kira ya shigo. Nanret ce, ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, maƙwabciyar su Shifa a Small Heath.

"Anti Sa'adiya, na same ta. Sun tsaya a services, wurin hutun matafiya a bakin hanya, don su yi salla."

"Ta sha?"

"Ta sha. Kusan rabin kofi."

Sa'adiya ta miƙe zumbur daga ƙasa.

"Ki saurare ni. Ta ce maƙogwaronta ya fara ƙaiƙayi, amma ta yi shiru, ta zaci zafin gahawar ne, tunda an ce mata ba ƙwai. Na sa Shifa ta yi mata allurar a cinya, Bara'u ya kira ambulance. Zan koma kansu. Ki bar layin Shifa, kar ki kira."

Ta kashe.

Suka yi sallar magariba a gaggauce suka shiga mota. Ruwa ake yi tsaf-tsaf, motoci sun cushe a hanyar fita gari. Sa'adiya ta riƙe wayar da hannu biyu a cinyarta. Duk lokacin da wayar ta yi haske sai ta duba da sauri.

Sun yi nisa kafin Sunusi ya yi magana. "Da ta tambaye ki, me ya sa ba ki bari ta ƙarasa ba?"

"Na ɗauka so take ta sayar."

"In ta sayar fa? Me zai ragu a jikinki?"

Ta jingina kai da gilashi, tana ta maimaita sunan Allah a ranta. Fuskar yarinyar kawai take gani, yadda ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta da safe.

Nanret ta turo sunan asibitin da aka kai ta, a gefen Birmingham. Bayan haka ba wani labari.

A barandar asibitin suka tarar da Bara'u a tsaye, hannu a aljihu. Tun yana yaro Sa'adiya ce ta goye shi, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Yanzu ma bai ɗaga ba.

"Sai da suka ƙara mata allura ta biyu a cikin motar asibitin," in ji shi. "Numfashinta ya dawo. Za su riƙe ta zuwa gobe."

"Alhamdu lillahi."

"Yaya, amana aka ba mu yarinyar nan. Da ba ta tashi ba, me zan je in gaya wa mahaifiyarta a Zariya? In ce saboda me?"

Sa'adiya ta sunkuyar da kai. Ya wuce ta ya nufi wurin Sunusi.

Shifa tana zaune a bakin ɗakin, mayafinta ya zame, idanunta sun kumbura. Sa'adiya ta ƙarasa gabanta ta durƙusa a kan tayil, ita da ta girme ta nesa ba kusa ba.

"Ki yafe mini. Kin tambaye ni, na yi miki ƙarya, na haɗa da cin mutunci."

Shifa ta ɗago kai ta dube ta. Da ta buɗe baki, muryarta a dishe take.

"Ina ganin sunanki a wayar, Yaya. Ni na dinga kashewa. A lokacin ba ta kai kofin baki ba, ko dabino ba ta ci ba. Da na ɗauka..."

"A'a. Kar ki ɗauki kayana ki ɗora wa kanki. Ni na ɓata miki rai, ni na sa ƙwan."

"Ni ma da na daure na faɗa miki dalilin, ko da kina faɗa."

Ta fashe da kuka. Sa'adiya ta riƙe hannunta, Shifa ba ta janye ba.

Washegari aka sallami Ihsan. Leɓɓanta ba su gama sacewa ba, amma da ta ga Sa'adiya sai ta yi yunƙurin durƙusawa ta gaishe ta. Sa'adiya ta tare ta da sauri ta zaunar da ita, ta kasa haɗa ido da ita.

Shifa ta yafe tun a asibitin. Bara'u kuwa ya ɗauki watanni yana gaishe da yayarsa a taƙaice. A guruf ba wanda ya zage ta, ba kuma wanda ya sake yabon gahawarta. In ta kai abinci taron suna ko walima, sai ta ga iyaye mata suna janye hannun yaransu a hankali, suna tambayar wata, ba ita ba, me ke ciki. Tana gani, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ta san inda ta saye shi.

Darasi: In aka tambaye ka me ke cikin abincin da ka ba mutum, faɗi gaskiya, ba ka san ran wa ke rataye da amsarka ba. Ka bar mai tambaya ya kai ƙarshen maganarsa kafin ka yanke masa hukunci, kuma ko kana fushi da mutum, in ya dage da kira, ɗauka. Ku tura wa 'yan uwa da ƙawaye, musamman masu girki da masu karɓar baƙi.