Kunyar Ɗan Fari da Ajin Malama Mas'uda

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama. Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji kun ce ta zo mu ji ta. To ga ta ta zo, sai dai ta yau ba ta gizo ba ce, ta mutane ce irinmu.

Akwai wata malama a Kazaure zamanin Turawa, ana saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Sunanta Mas'uda, 'yar Roni ce. Ita ke riƙe da ajin 'yan mata a wata makarantar En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan lokaci. Mahaifinta ya sha surutun mutane kafin ta kai ga tsayawa gaban allo. An kuma yi mata alkawarin in shekara ta zagayo za a tura ta Kano ƙarin karatu.

Mijinta Lado malamin dabbobi ne. Aikinsa a Babura yake, yana bin rugage da kasuwar shanu yana yin allura. Shugaban makarantar kuwa, Malam Falalu, ƙanen mahaifin Lado ne. Kun ga surukinta ke nan. A durƙushe take gaishe shi, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba.

Sai Allah ya ba ta ciki, na fari.

A yadda aka ba ni labarin, ƙa'idar wurin ita ce malamar da ta samu juna biyu ta gaya wa shugabanta tun da wuri. Shi kuma ya gaya wa Baturiyar da ke zagayen makarantun mata, a ba ta hutun haihuwa, a ajiye mata wurinta. Wadda ta tafi ba ta faɗa ba, an ɗauka ta gudu daga aiki.

Abu mai sauƙi a bakin wanda ya kafa shi. Amma ku da kuka tashi a gidajenmu kun san cikin fari. Yarinya ba ta iya faɗa wa uwar da ta haife ta, balle suruki.

Ba wai ba ta gwada ba. Wata rana da aka tashi tara ta je ƙofar ofishinsa ta durƙusa.

"Baba, dama..."

"Na'am, Malama."

"Dama... alli ne ya ƙare."

Ya miƙo mata alli. Shi ya san akwai alli a ajinta, ita ma ta san ya sani. Ai yana da ido. Ya ga mayafinta ya ƙara faɗi, ya ga ta daina tsayawa tana rubutu sai ta dafa tebur. Da kansa ya sa aka kai mata kujera mai jingina, ya ɗauke mata tsayuwar fareti da safe. Amma ya buɗe baki ya ambaci cikin matar ɗansa? Wannan bai iya ba.

Da cikin ya shiga wata na bakwai, Gwaggo Ma'u, yayar mahaifinta, ta zo daga Roni don tafiya da ita goyon ciki, ta haihu a gidan iyayenta kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari.

"Malam, mun zo aron 'yarmu, za ta je ganin gida," in ji Gwaggo Ma'u.

"Madalla. Allah ya sa mu ji alheri," in ji Malam Falalu.

Iyakar sallamar ke nan. Kowa ya tashi yana ganin an gama magana.

Ba a daɗe ba sai ga Baturiyar ta zo zagaye. Mai Laima mutane ke ce mata, don ko a inuwa ba ta rufe laimarta. Ta iya Hausa daidai gwargwado. Ta leƙa ajin 'yan mata ta tarar da su su kaɗai, babbarsu na tsaye da sanda tana biya musu baƙi.

"Malam Falalu, ina malamarsu?"

"Ranki ya daɗe, ta je gida."

"Ba ta da lafiya ne?"

Malam Falalu ya gyara rawani. A ransa yana neman abin da zai faɗa wanda ba ƙarya ba, kuma ba abin kunya ba.

"A'a, ranki ya daɗe, lafiyarta ƙalau."

Wannan amsar ce ta kayar da Mas'uda. Mai Laima ta ce a nemo wata ta riƙe ajin. In mai shi ta dawo ba ta kawo dalili ba, a bar wa sabuwar gaba ɗaya.

Wadda aka samo ita ce Saude. Ajinsu ɗaya da Mas'uda tun suna 'yan makaranta. Ita ta yi aure da wuri, auren ya mutu, ta koma gidan kawunta tana toya ƙuli-ƙuli. Ranar da aka aiko kiranta, hannunta duk mai ta fito, ta ce ko a daji ajin yake za ta je.

A Roni kuwa Mas'uda ta sauka lafiya, aka samu namiji, aka raɗa masa Muhammadu Lawal. Ta shiga wankan jego. Safe da yamma ruwan zafi da ganye, ga kunun kanwa, ga gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Jaririn mai kuka ne. Ita kuwa a gaban mutane ko kallonsa ba ta yi, sai an miƙo mata shi an fice sannan ta ba shi nono.

Lado ma bai huta ba. Damina ce, hanya duk taɓo, yana tura keke daga Babura yana kai itacen wanka da kayan ƙauri. Garin haka zagayen allurar shanu na shekarar ya wuce shi. Wata yamma ya zo gaisuwa, suka samu ɗan lokaci a zaure, ya zauna yana cire ƙayar da ta maƙale masa a wando.

"An ɗaga Daudu an ba shi babban malami," ya ce. "Daudu da ni na koya masa riƙon allura. Wai ni na cika fashi."

"Ba ka gaya musu dalili ba?"

"In ce musu me?"



"Ke ma an sa wata a ajinki," ya ƙara. "Baba ya ce Baturiyar za ta dawo bayan an cire gyaɗa, ran nan za a yanke."

Al'ada ta ce mai ɗan fari ta daɗe a gida ko bayan arba'in. Mas'uda ta yi ta roƙo har aka bar ta ta koma, da sharaɗin Gwaggo Ma'u ta bi ta, ita za ta riƙa goya yaron.

Suka isa Kazaure ana gobe Mai Laima za ta zo. Da la'asar Saude ta shigo gaisuwa. Ta karɓi yaron ta ɗaga shi sama.

"Amarya, wannan ƙaton kika ɓoye a mayafi? Ya sunansa?"

"Ki tambayi Gwaggo."

"Oho, har yanzu muna nan." Saude ta yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. "Bari in gaya miki gaskiya, kada ki ji a wani wuri. Ina son ajin nan. Na gaji da kaskon ƙuli. Na gaji da matar Kawu tana leƙa kwanona. Ban zo in ƙwace miki ba, kira na aka yi. Amma in an ba ni, ba zan ce a'a ba."

"Ban ce ki ce a'a ba."

"To ki buɗe baki gobe ki faɗa mata. Kalma nawa ce?"

"A gaban Baba? Ga Gwaggo a zaune?" Mas'uda ta jingina kanta da bango ta lumshe ido. "Saude, ni barci ma nake so in yi. Rabona da barcin kirki tun kafin in bar garin nan."

Washegari da hantsi aka taru a ofis. Mai Laima a kan kujera, Malam Falalu a gefenta. Mas'uda da Saude a kan tabarma, Gwaggo Ma'u a bakin ƙofa da goyo.

"Malama Mas'uda, ina kika je duk watannin nan?"

"Gida, ranki ya daɗe."

"Me ya kai ki?"

Mas'uda ta zuba wa tabarma ido.

Mai Laima ta dubi bakin ƙofa. "Wancan yaron na wane ne?"

"Nawa ne," in ji Gwaggo Ma'u da sauri. "Allah ne ya ba ni."

Baturiya ta dubi furfurar da ta leƙo daga ɗankwalin tsohuwar. Ta juya wajen Malam Falalu. Shi kuwa ya duƙufa yana duban carbinsa kamar yau ya fara ganinsa.

Sai yaron ya farka ya callara kuka. Gwaggo ta yi ta jijjiga shi, ya ƙi. Gaban rigar Mas'uda ya fara jiƙewa. Ta ja mayafi ta rufe, ba ta waiwaya ba.

Mai Laima ma ta gaji. Ta kwana a hanya, ga wasu makarantun na jiran ta.

"Ni ba na aiki da abin da na zata," ta ce. "Na tambaya sau uku, ba wanda ya ba ni dalili. Malama Saude, daga yau ajin naki ne."

Saude ba ta ce na gode ba. Ta zauna hannunta a kan gwiwa. Abin da ta roƙa a kowace salla ga shi an miƙo mata, ba ta yi ƙarya ba, ba ta cuci kowa ba. Shiru kawai za ta yi, irin wanda kowa a ɗakin yake yi. Yaron na ta kuka har muryarsa ta fara dishewa.

Sai ta miƙe. Ta je ta kwance shi daga bayan Gwaggo Ma'u, tsohuwar na cewa "Ke, ke, 'yar nan!" Ta kawo shi ta ɗora a cinyar Mas'uda.

"Ranki ya daɗe, ɗanta ne. Haihuwa ta je yi. Ɗan fari ne, a wurinmu ba a faɗa. Ko za ki wuni kina tambaya ba za ta ce nata ne ba. Wannan da ke gefenki kuma surukinta ne, shi ma ba zai faɗa ba. Ni ba 'yarsu ba ce, ba surukarsu ba, shi ya sa bakina ya buɗe."

Gwaggo Ma'u ta rufe fuska tana salati. Mas'uda ta juya wa surukinta baya, ta sa yaron cikin mayafi. Nan take ofishin ya yi tsit.

"Haka ne, Malam Falalu?" in ji Mai Laima.

"Ba ta yi ƙarya ba, ranki ya daɗe."

Baturiya ta ce to, Mas'uda ta koma ajinta. Amma tunda ba a sanar a kan lokaci ba, za a mayar da ita matakin sabuwar malama. Zuwa Kano kuwa an riga an ba wata daga wani gari. Saude ta gama riƙo, ta koma gida.

Da suka fito, Mas'uda ta riƙo gefen zanenta.

"Me ya kai ki?"

"Kukansa ne ya ishe ni. Murya kamar ta mai shelar kasuwa."

"Saude."

"Ki sake ni, Amarya. In na tsaya zan yi nadama a gabanki, gara in je in yi a gida."

Ta kuwa koma kan kaskonta. Kuma ta yi nadamar, ba sau ɗaya ba, don ita ma mutum ce.

Bayan girbi aka ji za a buɗe ajin 'yan mata a Babura, ana neman malama. Masu 'ya'ya da ƙanne suka fara kai gaisuwa inda ya kamata. Ran nan Mas'uda ta je ƙofar ofis ta durƙusa, karo na farko ta ɗago kai ta dubi surukinta.

"Baba, ajin Babura na Saude ne. Ta faɗi abin da ni da kai muka kasa. Ka je ka faɗi nata."

Washegari Malam Falalu ya sa babbar riga ya tafi wajen manyan En'e, ya yi ta zarya har aka ba Saude.

Mas'uda ba ta je Kano ba, har abada. Yaran da ta koya wa baƙi wasu sun dawo sun zama shugabanninta. Lado ma a bayan Daudu ya yi ritaya. Amma ajinta bai bar hannunta ba har ta yi furfura. Kuma duk ƙaramar malamar da ta ga ta fara dafa tebur, ba ta jira. Ita ke zuwa ofis ta ce, "Wance za ta je haihuwa, a ajiye mata wurinta."

Sunan ɗanta na fari kuwa, har ta koma ga Allah ba a ji shi a bakinta ba.

Ƙurunƙus, a nan ta tsaya.

Darasi: Haihuwa ba laifi ba ce, bai kamata uwa ko uba su biya ta da aikinsu ba. Kunya ado ce, amma in ta rufe bakin mai haƙƙi, wanda bakinsa ke buɗe ya faɗa a madadinsa, ko da shi ne zai ci ribar shirun. In kuna da mai jego a wurin aikinku, ku tsare mata wurinta har ta dawo. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, musamman masu riƙe da ma'aikata.