Maazou da Kofuna Goma Sha Biyu

Akwai wani bawan Allah mai suna Maazou, ɗan Tasawa, da ke zaune a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a unguwar Minguettes, can gefen Lyon a ƙasar Faransa. Shi kaɗai yake. Ranar Lahadi yakan wuni bai buɗe baki ba, sai in zai yi salla.

Aikinsa a wani ƙaramin gidan suyar kafe ne. Ba irin kafen gwangwanin da muke lafta wa madara har cokali ya tsaya da ƙafarsa ba. Wannan na manya ne, a kan duwatsu masu tsawo ake nomansa. Maazou shi ke ɗaukar buhuna, ya share ƙasa, ya wanke kofuna.

A gidan akwai wani ɗan Nijar, Ilya, mai diflom biyu, shi ne mai ɗanɗana kafe kafin a saya. Ranar farko Maazou ya tare shi da murna: "Ina kwana ɗan'uwa, yaya gida, yaya sanyi?"

Ilya ya ce, "Bonjour," ya wuce.

Haka suka shekara biyu. Ko kalma ɗaya ta Hausa Ilya bai taɓa yi masa ba.

Sai kontirar Maazou, wato yarjejeniyar aikinsa, ta zo ƙarewa. Madam mai gidan ta faɗa masa gaskiya: kasuwa ta yi sanyi, in ba su samu kafe mai suna ba a bana, ba za ta iya riƙe shi ba. In kuwa aiki ya tafi, takardun zamansa ma sun bi shi.

A satin nan ake baje kolin kafe a Paris. Madam ta ji labarin wani dattijo daga Kamaru, Baba Nsangou, mai gona a gefen wani tsohon dutse da ya taɓa aman wuta. Ƙasar wurin baƙa ce ƙirin, hazo ba ya tashi sai hantsi, 'ya'yan kafe ba sa nuna da wuri, shi ya sa suke da zaƙi. Buhu shida kacal ya ware, masu so kuwa sun fi ashirin. Ta tura Ilya ya nemo, Maazou kuma ya riƙe jaka.

Awa biyu a cikin jirgin ƙasa, Ilya ya toshe kunne da ekuter yana sauraren wayarsa. Maazou ya yi ta kallon gonakin mutane ta taga.

To, ga yadda ake ɗanɗanon nan, ku saurara, don ni na san abin da masu diflom da yawa ba su sani ba. Ana jera kofuna a kan tebur. Kowa da cokalinsa. Ka ɗiba, ka zuƙa da ƙara, ka juya a baki, sannan ka tofar a wani kofi da ke hannunka. Ba a haɗiyewa.

Kofuna goma sha biyu aka jera, duk na kafen gonar dattijon. Baba Nsangou na zaune a kan kujera, da hula da ƙatuwar rigar sanyin da ta fi ƙarfinsa, yana kallo. Kowa ya zuƙa, ya tofar, ya rubuta a takarda. Ba wanda ya dube shi.

Wata ma'aikaciya ta ɗauka Maazou ma mai saye ne, ta miƙa masa cokali. Ya dubi masu tofarwa, ya dubi hannun dattijon, duk ya yi kanta saboda noma. Hannun babansa ke nan sak. Ya ajiye cokalin, ya jira layi ya wuce, ya ɗauki kofin farko da hannun dama, ya ce bismillahi, ya shanye.

Ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki na uku.

Kafin ya kai na tara, kafen ya fara aiki, zufa na keto masa, zuciya na dakan sakwara. Mutane sun fara murmushi. Ilya ya matso kusa da shi. Don kada Turawa su gane, sai ya sauke murya ya yi Hausa:

"Kai baƙauye, furar gidanku ce? Tofarwa ake yi. Ka kunyata ni."

Maazou ya tsaya yana kallonsa. Zagi ne, amma sai da ya ji daɗinsa a kunne.

"Ashe ka iya," ya ce.

Daga bayansu wata murya ta ce da Hausa, "Samari, daga ina?"

Baba Nsangou ne. Ya yi shekara arba'in yana ciniki da Hausawa a kasuwar garinsu. Ilya ya daskare.

Dattijon ya ce wa Maazou, "Ɗana, me ya hana ka tofarwa?"

"Baba, a gidanmu ba a tofar da abin da mutum ya noma a gabansa. Ko da ɗaci ne."

"Da ɗacin?"

"Na huɗu da ɗaci kaɗan. Na bakwai kamar an jiƙa tsamiya da zuma."

Dattijon ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Na bakwai shi ne na can ƙololuwa, inda jaki ma ba ya hawa. Matata ce ta dasa shi, sai da ya fara 'ya'ya ta rasu. Na san tofarwa ƙa'idar sana'a ce, ban ga laifin kowa ba. Amma kwanana huɗu a garin nan, kai ne na farko da ya sha."

Ya jawo kujera ya ce wa Maazou ya zauna. Suka yi gaisuwa tun daga tushe: gida, iyali, damina, gajiya. Maazou bai san yana da magana haka a cikinsa ba.

Da Ilya ya buɗe takardunsa zai fara bayani da Faransanci, dattijon ya ɗaga hannu. "Ka faɗa wa uwar ɗakinku, buhu shida nata ne. Amma wannan yaron ne zai kwance bakin kowane buhu, kuma shi zai riƙa kirana yana faɗa mini yadda suka iso."

Madam ta sabunta kontira. Maazou kuwa, saboda kafen da ya sha, sai da ya kwana biyu idonsa biyu kamar mai gadi.

Har yau yana hawa na goma sha huɗu, har yau shi kaɗai. Ilya ya koma "Bonjour" ɗinsa. Amma duk Lahadi da hantsi waya takan yi ƙara, a ji iska da kukan zakara, sannan muryar tsoho: "Ɗana, hazo ya tashi. Ka karya?"

Darasi: Kafin ka auna abin da aka miƙo maka, dubi hannun da ya miƙo shi. Tarbiyyar gidanku da wani ke kira ƙauyanci, wata rana ita za ta riƙe ka a ƙasar da ba ka da kowa. Ku tura wa 'yan'uwanmu na waje, musamman mai amsa "ina kwana" da "bonjour".